Sabon teburin kafe a bakin hanya: a bar ɗan makaranta ya tafi aji

Duk mai bin hanyar Doso zuwa Gaya, ko mai ratsawa ta Malgoru ya shiga ƙauyukan Yelu, ya san teburin mai shayi tun ba yau ba. Abin da ya sauya shi ne salon sayarwa. Matasan da ke kafa sabbin tebura yanzu ba sa jiran ka sauko ka zauna a benci. Ɗan kabu-kabu zai tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, inji na ruri. Direban motar kasuwa zai leƙo ta taga ya ɗaga yatsu biyu. Kafin ya gama magana da karen motarsa an miƙo masa kafe mai zafi, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa kofi ko gahawa, ya biya ya wuce. Dabara ce mai kyau, domin matafiyi ya fi son wanda ba zai ɓata masa lokaci ba.

Ina tare da wannan sana'a, kuma ina jin haushin masu raina ta. Saurayin da ya gama kwaleji, ko ya dawo daga Yamai da takardar da ba ta samo masa aiki ba, ya sayi butar ƙarfe da falas ya kafa tebur, ya fi mini wanda ke zaune a fada daga hantsi zuwa dare yana jiran a dafa shayi a ba shi. Amma akwai abin da ba zan kawar da kai daga gare shi ba, wato hannun da ke miƙa kofin. Sau da yawa hannun yaro ne ɗan shekara tara, goma ko goma sha ɗaya, ƙanin mai tebur ko ɗan yayarsa, wanda sunansa ke cikin rajistar wani aji, kuma ana kiran sunan a daidai lokacin da yake tsallaka titi da ruwan zafi a hannu. Maganata ga iyaye da malamai ita ce: teburin da ba ya iya tsayawa sai da ƙafar ɗan makaranta bai fara cin riba ba tukuna. Asara yake yi, yaron ne ke biya, mu manya kuma muna kallo muna sa albarka.

Salon nan na sayar wa mutum yana cikin mota ya daɗe a Amurka. Akwai kamfanin Dutch Bros, wanda wasu wa da ƙani, Dane da Travis Boersma, ƴaƴan gidan masu kiwon shanun madara, suka fara a 1992 a garin Grants Pass na jihar Oregon da ƴar kurar turawa. A 2021 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, yana da ɗaruruwan shaguna. Matasanmu na ganin irin waɗannan labarai a wayoyinsu, suna cewa su ma da kura aka fara, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai a lura da yadda shagon can yake. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga, mota ce ke zagayowa ta tsaya a gefensa, ma'aikacin da ake biya albashi ya miƙo kofi. A wurinmu aka ɗauko salon aka bar tagar. Tebur na nan gefe guda, mota na can inda direba ya ga dama ya tsaya, wani lokaci a ɗaya hannun titi, tazarar da ke tsakani kuwa yaro ne ke cike ta da gudu.

Me ya sa teburan suka yi yawa, ciniki ya yi ƙasa

Ba zan yi wa mai tebur adalci ba in ban faɗi halin da ya buɗe sana'arsa a ciki ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a ranar 30 ga watan, Benin da Najeriya suka rufe iyakokinsu. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, wadda mafi yawan kayan ƙasar nan da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano ke bi ta kanta, ta tsaya cik. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyaka da Najeriya ta buɗe cikin watan Maris, hanyar Kamba ta sake motsi, amma gadar ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar. Mutane da ƙananan kaya suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale, manyan motoci kuma suka koma hanyar Lome ta cikin Burkina Faso.

Siyasar rufe gada ba ita ce damuwata a nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne abin da rufewar ta yi wa bakin hanya. Ƴan dako, masu wankin mota, masu faci, ƴan kamasho da yaran mota, duk wanda abincinsa ke rataye da jerin manyan motoci, ya wayi gari yana neman abin yi. Teburin kafe kuwa yana cikin sana'o'in da jarinsu bai da yawa: tebur, benci, buta, murhu, falas, kofuna. Sai masu sayarwa suka ƙaru a daidai lokacin da babban mai saye, direban babbar mota da ke kwana a layi ya ci burodi da ƙwai ya sha kofi biyu, ya yi ƙaranci.

Kayan haɗin ma ba namu ba ne. Nijar ba ta noman kafe. Nescafé ɗin da ke kan teburanmu yawanci daga masana'antar Abijan yake fitowa, sukari da madarar gwangwani su ma galibi shigo da su ake yi, kuma duk tsawon da hanya ta ƙara, farashi na ƙaruwa da shi. A kasuwar duniya farashin kafe ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a ƙarshen 2024 da farkon 2025, har laba ɗaya ta irin arabika ta haura dalar Amurka 4 cikin watan Fabrairu. Ga kuma mai saye daga tsallaken iyaka da ke miƙo naira, wadda darajarta ta zube tun 2023, mai tebur ya karɓa yau, gobe ya je canji ya ga ta rage. A cikin wannan matsi ne ake waiwayawa gida a ga yaro, a ce ga ma'aikaci kyauta.

Mu zauna mu yi lissafi

Bari in kawo misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. Kowane mai tebur ya sa nasa a madadinsu. A ce kana sayar da kofi 60 a rana, kowanne dala ashirin, wato sefa 100. Cinikinka jika shida ke nan, sefa 6,000. A ce kafe da sukari da madara sun ci rabi, 3,000. Gawayi, ruwa, kofunan roba, sabulu da kuɗin wuri sun ci 1,000. Bashin da ba zai dawo ba, da kofin da abokai da dangi suka sha suka ce Allah ya sa albarka, sun ci 500. Abin da ya rage 1,500, kuma shi ne kake kira riba.

To yanzu cire yaron, ka sa babban mutum a wurinsa, wanda zai yi maka zirga-zirga daga asuba zuwa hantsi, ya dawo da yamma har dare. A ce ka ba shi jika guda a rana, kuma ka san ba ka biya shi da yawa ba. Saura 500, ga mutumin da ya tashi kafin kiran sallar farko ya hura wuta, bai tashi daga tebur ba sai tsakar dare. Ashe kashi biyu cikin uku na abin da kake kira riba ladan aikin da ba ka biya ba ne. Kana jin sana'a na tafiya ne kawai saboda akwai wanda ake cin guminsa ba ya magana.

Wannan lissafi shi kansa mai tebur yake fara cuta, domin yana ɓoye masa gaskiyar sana'arsa. Da ya ga 500 ƙiri-ƙiri tun makon farko, da ya tashi tsaye: ya sauya wuri, ya ƙara burodi da ƙwai, ya rufe littafin bashi, ko ya gane cewa tebur na huɗu a tasha ɗaya ba shi da kasuwa. Aikin yaro na kyauta yana sa shi ya yi shekara yana juya kuɗi ɗaya, jari bai ƙaru ba, yaron kuma ya rasa shekarar karatu. In teburin ya mutu, mai shi zai sayar da falas da benci ya rage asara. Yaron da ya bar aji a CE2 ko CM1 me zai sayar ya fanshi abin da ya wuce shi?

Uzuri uku da nake ji

Na farko shi ne: ai sana'a yake koyo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda da karin maganar, kuma ni ma ba na son yaron da bai san darajar aiki ba. Amma a gaya mini, wace sana'a ce a cikin ɗaukar kofi daga tebur zuwa tagar mota? Yaron maƙeri yana zuga yau, gobe ya riƙe awartaki, wata rana ya ƙera fartanya da kansa. Yaron tela yana sa maɓalli kafin ya hau keke. Akwai matakin da ake hawa. Haɗa kafe da madara kuwa ana koyonsa a yini ɗaya. Abin da ke da wuya a wannan sana'a shi ne sanin nawa gwangwani ɗaya ke bayarwa, nawa kofi ɗaya ya ci, wane ne za a ba bashi, nawa za a ware don sayen kaya gobe, yadda za a mayar da naira sefa ba a cuce ka ba. Duk wannan lissafi ne da rubutu, wato ainihin abin da ake hana yaron zuwa ya koya. Wanda ya cire ɗansa daga aji don ya koyi kasuwanci ya yanke masa hanyar zama mai tebur, ya bar masa ta zama yaron tebur har girma.

Na biyu: makarantar me ta tsinana wa waɗanda suka gama? Ga shi mai teburin da kansa da takardarsa. Wannan uzuri yana da nauyi, kuma malami mai gaskiya ba zai musa ba. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci, ya sa Nijar a ƙarshe: fiye da tara cikin goma na ƴan ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake buƙata ba a karatu da lissafi. Na 2019 ya nuna an matsa gaba, amma da sauran tafiya. Iyaye na ganin ajin zana da ba a kafa shi sai bayan girbi, suna ganin malamin kwantiragi da ke jiran ɗan abin da ake biyansa, suna ganin yajin aiki. Duk da haka, in rijiya ta yi ƙarancin ruwa yasarta ake yi, ba a cike ta da ƙasa. Kuma ku dubi teburan da kyau. Wanda ke karanta ranar lalacewar madara a gindin gwangwani, ya rubuta bashi da suna da rana, ya karɓi kuɗi ta waya ba tare da ya miƙa wa wani ya duba masa ba, ɗan karatun nan da ake rainawa ne ke yi masa aiki. Makaranta ba ta ba shi ofis ba, amma ita ce ta hana a yi masa wayo a kasuwa.

Na uku: talauci ne, Malam, ba mu da zaɓi. Ba na yi wa talauci ba'a, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma ina roƙon uwa ko uban da ke faɗin haka su tambayi kansu abin da yaron ke shigowa da shi gida da dare. Sau tari kofin shayi ne da guntun burodi, sai dala goma ko ashirin in an yi ciniki. Wannan shi ne farashin da aka sayar da safiyarsa. Gidan da yunwa ta kai shi ga haka yana buƙatar taimakon dangi da unguwa da zakka, kuma wajibi ne mu yi. Gidaje da yawa kuwa ba yunwa ce ta kai su ba. Kunya ce: babban wa ya buɗe sana'a, ya ce a ba shi ƙaninsa, ba wanda ke son a ce ya hana.

Abin da bakin hanya ke yi wa yaro

Cinikin kafe yana da lokuta biyu, sassafe da dare, kuma su ne lokutan da ɗan makaranta ya fi buƙata. Na safe yana cin karo da shiga aji. Na dare yana cin barcinsa. Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya wanke kofuna har ƙarfe goma sha ɗaya, aka tashe shi ƙarfe biyar ya ɗebo ruwa, ko ya zo aji jikinsa ne kawai ya zo. Malami ya gan shi yana gyangyaɗi ya ce malalaci ne, alhali ya riga kowa a ajin fara aiki.

Sai abin shan kansa. Yaron tebur da ragowar kofi yake karya kumallo, da shi kuma yake korar barci. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ba da shawara a 2015 cewa sinadarin kafeyin da yaro zai sha a rana kada ya wuce miligiram 3 ga kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 30 ke nan iyakarsa miligiram 90, kuma kofi biyu na Nescafé mai kauri sun wuce haka. An kuma san shayi da kafe suna rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, a ƙasar da ƙarancin jini ya riga ya addabi yara.

Abu na uku shi ne wanda ba a son faɗa a fili, wato tramol. Ba kowane mai tebur ke harkarsa ba, kuma na san da yawa da ke korar mai shi. Amma kowa a yankin nan ya san wasu ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi da kafe suke kora ƙwayar, wasu ma a cikin kofin suke narka ta. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi kan yaɗuwarta a Sahel tun ƙarshen 2017, shekarar da aka kama ƙwayoyi fiye da miliyan 3 a mota ɗaya a Nijar. Wadda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ce ko 100. Ta bakin hanya tana kai 225 ko 250. Yaron da ke tsaye a wurin kullum yana gani, yana jin ana yabon ƙarfin da take bayarwa, wata rana a aike shi ya sayo. Ba na jin akwai uban da zai yarda ɗansa ya yi wannan karatu in an gaya masa sunansa tun farko.

Ga kuma titin. Yaro mai gudu da ruwan zafi, idonsa na kan kofi kada ya zube a yi masa faɗa, ba ya kallon babur da ke tahowa. Ƴan mata masu tallan ƙosai da fanke da ke kewaye teburin da dare kuwa, haɗarin da ke jiransu ya fi na mota, kuma iyaye mata sun fi ni sani.

Doka ta yi magana. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ko da a matsayin mai koyon sana'a, sai inda wata doka ta musamman ta sassauta. Ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 138 a 1978, da mai lamba 182 a 2000. Amma kada mu yaudari kanmu, ba wani mai binciken ƙwadago da zai taso daga Doso don teburin shayi a ƙauyen Yelu. In ba uwa da uba da malami suka tsaya ba, ba mai tsayawa.

Malamai, ku ma da naku

Ba zan ɗora wa iyaye kaya duka in bar malamai ba. Akwai malamin da ke aiken ɗalibi ya sayo masa kafe ana tsakiyar darasi. Akwai wanda ke zama a bencin teburin, ɗalibinsa ne ya miƙo masa kofi a lokacin da ya kamata su biyun suna aji, ya karɓa ya sha bai ce uffan ba. Akwai wanda sunansa ke cikin littafin bashin mai tebur tun watanni, saboda haka bakinsa ya mutu. Wanda ke cikin wannan hali ba shi da ta cewa a taron iyaye.

Abin da nake nema daga malami bai fi ƙarfinsa ba. In an kira suna sau uku a mako ba a amsa ba, kada a ja layi a rajista a wuce. A bincika inda yaron yake, a je wurin mai tebur a yi magana ta mutunci, ba a gaban masu saye ba. In ya ƙi, a kai maganar ga kwamitin kula da makaranta, CGDES, da ƙungiyar iyaye da ta iyaye mata, har ga mai gari da liman. Waɗannan kwamitoci ba don tara kuɗin zana kaɗai aka kafa su ba.

Sannan a shigo da teburin cikin aji. Ƴaƴanmu suna ƙirga kuɗi iri biyu: a kasuwa da dala, a allo da faran. Yaron da ya san canjin jika guda in an sha kofi uku, ba tare da ya ɗaga yatsa ba, shi ne ake ba sifili a lissafi saboda an yi masa tambayar da harshen da bai gama ji ba. Tun Maris 2025 kundin da ƙasa ke aiki da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, saboda haka ba malamin da zai ce yana jin nauyin yin bayani da ita. A ba yara aikin gida irin wannan: gwangwani na kaza yana ba da cokali kaza, nawa kofi ɗaya ya tashi? An ba da bashin kofi biyar kullum, nawa ya taru a wata? Ranar da yaro ya koma gida ya nuna wa wansa inda kuɗinsa ke zurarewa, gardamar amfanin makaranta ta ƙare a gidan.

Ga mai sabon tebur

Ƙanena, ba cewa nake ka rufe ba. Ka gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka kafa teburinka a hannun da motoci ke tsayawa, kusa yadda hannunka zai kai taga ko sitiyarin babur, ka ga buƙatar mai gudu ta ragu. Ka cika falas biyu kafin cinikin safe ya buɗe, ka jera kofuna, ka tanadi canji. Direbobin da ka saba da su ka ba su lambarka su kira kafin su iso. In aiki ya fi ƙarfinka, ka nemi sa'arka da ba shi da abin yi ku yi tarayya ku raba riba, ko ka biya shi na awannin cunkoso kaɗai.

Ka rage dogaro da gwangwani. A Senegal, kafen Tuba da almajiran Shehu Amadu Bamba suka yaɗa ya mamaye titunan Dakar, kuma sirrinsa kimba ce, wadda ke cikin kowace kasuwarmu. Ga citta, ga kanumfari, ga na'a-na'a. Abin da ya bambanta kofinka da na maƙwabcinka shi ke dawo da mai saye. Ka sayi littafi ka rubuta kowace fita da kowace shiga tun ranar farko, ka ware kuɗin kaya daga kuɗin aljihu, ka sa wa bashi iyaka ko da na malami ne. In jari kake nema, adashi na nan. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya nuna cewa ƴan kuɗin da ake tarawa mako-mako na iya tayar da sana'a, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Kuma ka bari a san teburinka da cewa ba a haɗiyar ƙwaya a kansa.

Ƙaninka kuwa, in kana son ya koyi wani abu a wurinka, ka kira shi ranar da ba makaranta, da rana, a bayan tebur nesa da titi, ka ba shi littafin ya haɗa maka lissafin mako. Wannan ne koyon sana'a, kuma shi ne zai amfane ku ku biyun.

Iyaye kuma, ranar da aka zo neman yaro don sabon tebur, ku yi wa mai tebur addu'a, ku ba shi gudummawar benci ko buta in da hali, ku ce masa yaron yana da aji. Ba rashin zumunci ba ne. Gadar Gaya za ta buɗe wata rana, manyan motoci su dawo, kasuwa ta farfaɗo, amma shekarun da yaro ke koyon karatu da rubutu in sun wuce da wuya a dawo da su. Allah ya sa wa sana'ar matasanmu albarka, ya raya mana ƴaƴanmu, ya ba mu ikon sauke amanarsu.